Atiku Mai Katuru: Asalinsa, Rayuwarsa da Gidan da Ya Bari



Duk wanda ya zauna a birnin Sakkwato ya san Ƙofar Atiku. Ka tsayar da ɗan kabu-kabu a ko'ina cikin gari ka ambaci sunan, ba zai nemi kwatance ba. Amma tambayi matasan da ke kai da komo a unguwar wane Atiku ne mai ƙofar, da yawansu sai su yi shiru, wasu kuma hankalinsu ya tafi wurin 'yan siyasar zamani. Sharhinmu na yau a kan mai wannan suna ne, Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya riƙe daular daga 1837 zuwa 1842.

Sunan ƙofar ba na jiya ba ne. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shigo Sakkwato a 1853, ya lissafa ƙofofin birnin guda takwas, kuma ta Atiku na cikinsu, tare da ta Aliyu Jeɗo da Taramniya da Marke da Dundaye da Kade. Wannan ya raba gardama a kan wani ruɗani da ake yawan yi, domin Atiku biyu ne suka yi sarautar Musulmi. Akwai Abubakar Atiku na Raba ɗan Muhammadu Bello, wanda ya hau a 1873, shekara ashirin bayan zuwan Barth. Mai ƙofar shi ne baffansa, ɗan Shehu na cikinsa, wanda ake wa laƙabi da Mai Katuru saboda garin da kabarinsa yake.

Tarihi bai yi wa mutumin nan adalci ba. Ya faɗo tsakanin manya biyu: wansa Bello da ya shekara ashirin a kan mulki, da Aliyu Babba ɗan Bello da ya shekara goma sha bakwai. Littattafan makaranta sukan ba shi layi biyu su wuce. Ni kuwa a ganina shekaru biyar ɗin nan sun fi tsawonsu nauyi, domin daga ranar da aka yi masa mubaya'a ne gadon Shehu ya zama na gidaje, kuma abin da ya biyo baya har zuwan Turawa ba ya fahimtuwa sai an san gidan Atiku.

Mu fara da asali. An haife shi a Ɗegel wajen 1782. Mahaifiyarsa Hauwa'u ce, wadda ake kira Inna Garka, kuma ita ce ta haifi Muhammadu Bello. Ke nan Bello da Atiku shaƙiƙai ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba. 'Yar'uwarsu Faɗimatu ita ce matar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo, mai ɗaya ƙofar. Nana Asma'u kuwa, wadda suka haɗa uba, ita ce matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Ku riƙe wannan a zuci, domin a Sakkwato ta wancan zamani mai tuta da mai alƙalami da mai gadon sarauta duk surukan juna ne.

Ta wajen uba, salsalar sananniya ce, kuma ba da ka kawai aka riƙe ta ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu, ya rubuta asalin danginsu a cikin Ida'un Nusukhi a 1812, Waziri Junaidu kuma ya tattara ta a Tarihin Fulani a ƙarnin da ya wuce. Atiku ɗan Usmanu, ɗan Muhammadu Fodiyo, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, ɗan Muhammadu Sambo, haka sunayen ke tafiya har su kai ga Musa Jakollo. Shi Musa Jakollo shi ne ya jagoranci jama'arsa ta Toronkawa daga Futa Toro, a bakin kogin Sanagal, ya sauka a ƙasar Ƙonni wajen tsakiyar ƙarni na 15. Zuriyarsa ta zauna a nan shekaru aru-aru ana karatu ana karantarwa, kafin wani reshe ya koma Maratta, inda aka haifi Shehu a watan Disamba na 1754, daga can kuma zuwa Ɗegel. Ƙonni da Maratta duk a Jamhuriyar Nijar suke yanzu.

Lissafin nan yana da ma'ana in ka auna shi. Kakanni goma sha ɗaya ko kusa da haka a cikin shekara ɗari uku, abu ne da hankali ke karɓa. Wato lokacin da aka yi jihadi, dangin nan sun fi shekara ɗari uku a ƙasar Hausa. Masu cewa baƙi ne suka sauko daga wani wuri suka ƙwace ƙasa, sai su sake duba wannan lissafi.

Daga Musa Jakollo zuwa sama kuwa, sai a taka a hankali. Ruwayar da kowa ya sani ita ce Fulani zuriyar Uƙba ne, wanda ya auri 'yar sarki mai suna Bajjo Mangu. Amma wane Uƙba? Wasu rubuce-rubuce sun ce Uƙba ɗan Nafi'u, wanda ya kafa Ƙairawan a Tunisiya a 670 ya rasu a 683, wasu sun ce ɗan Amiru, wasu sun ce ɗan Yasiru. Tsakanin rasuwar Uƙba ɗan Nafi'u da saukar Musa Jakollo a Ƙonni akwai shekara fiye da ɗari bakwai, kuma babu jerin sunayen da ya cike wannan rata yadda na ƙasa ya cika. Ba raini ba ne a faɗi haka. Ruwayar Uƙba tana nuna inda zuciyar jama'ar ta fuskanta, jerin da ya taso daga Ƙonni kuwa yana nuna wanda ya haifi wani. Kowanne da matsayinsa.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. A ƙasar Firisiya, bakin teku a arewacin Holan, an yi wani hakimi mai suna Gerolf a ƙarni na 9. Ana kyautata zaton yana da hannu a kashe Godfrid, jagoran mahara 'yan arewacin Turai, a 885, kuma an san Sarki Arnulf ya ba shi filaye a 889. Daga gare shi ake jan salsalar sarakunan Holan na farko. Marubutan baya sun so su liƙa gidan da tsohon sarkin Firisiya, Radbod, wanda ya mutu a 719, amma masu bincikensu na yau sun tsaya inda takarda ta tsaya. Su da 'yan takardun kyautar fili ƙalilan suke wannan aiki. Mu kuwa ɗan gidan ne da kansa, malami mai tsantseni, ya zauna ya rubuta mana sunayen kakanninsa, amma ɗalibanmu nawa ne suka taɓa buɗe littafin?

To, mu dawo kan shi Atiku. Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Ya ga yaƙin Tabkin Kwatto, ya ga yunwa da annobar shekarun farko, ya ga faɗuwar Alƙalawa a 1808, ya ga Bello ya kafa Sakkwato a 1809. Amma ba a fagen fama ko a fagen wallafa sunansa ya fita ba. Abin da ruwayoyin Sakkwato suka riƙe game da shi shi ne kusancinsa da mahaifinsa. An ce ba ya nisa da Shehu, kuma Shehu ya keɓe shi da wasu asirai da bai faɗa wa kowa ba. Bello ya gaji alƙalamin Shehu da iya tafiyar da jama'a, shi kuwa Atiku ya ɗauki zuhudu da tsanani da son kaɗaici.

Da Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a cikin hanzari, domin ƙasa na rawa. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Zamfara da Gobir da Kabi suna motsi, tsakanin Bello da baffansa Abdullahi kuma sai da aka ɗauki lokaci kafin a daidaita. Labarin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya ji a Sakkwato shi ne Atiku ma ya nemi sarautar a lokacin, bai samu ba, kuma abin ya bar tabo tsakaninsa da wansa na wani lokaci.

Clapperton ɗin nan, wanda mutanen gari suka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824, ya kuma shiga gidan Atiku. Abin da ya gani a can ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗan Shehu, ƙanen Sarkin Musulmi, kiwon tunkun jibda yake yi, har an ce masa sun kai ɗari biyu, ko da yake biyu aka nuna masa. Kowanne a cikin kejinsa na katako, saboda faɗansu. Ana ciyar da su da dakakkiyar dawa da busasshen kifi, a cuɗa a dunƙula. In za a ɗebi turaren, sai a matse dabbar a lungun keji, a danne kanta da sanda, a kankare jibdar da makankari, yau a yi gobe a huta. Jibda a wancan zamani haja ce mai tsada da ake ketare Sahara da ita. Wannan ɗan hoto ya nuna mana mutumin da sarauta ta wuce shi, bai zauna jiran baitulmali ba, ya kama sana'a mai wahala da ke buƙatar haƙuri da sa ido kullum. Shekara ashirin ya yi a inuwar wansa.

A watan Oktoba na 1837 Bello ya rasu a Wurno. Yana da 'ya'ya manya da suka riga suka riƙe ribaɗi suka ja runduna, Aliyu na cikinsu. Da an bi al'adar da aka saba gani a masarautu da yawa, da ɗa ne zai gaji uba. Waziri Giɗaɗo da manyan jama'a suka tsallake 'ya'yan Bello suka miƙa hannu ga Atiku, yana da shekara hamsin da biyar ko kusa da haka. Hujjar a fili take: muddin akwai ɗan Shehu na cikinsa da ya cancanta, jika ba ya shiga gabansa. Da wannan zaɓi aka tabbatar cewa sarautar ta zuriyar Shehu ce baki ɗaya, ba ta gidan Bello kaɗai ba. Alherin abin shi ne an toshe hanyar mayar da daular gadon mutum ɗaya. Wahalarsa kuma ita ce daga ranar an sami gidaje biyu, Bellawa da Atikawa, kowanne yana lissafin lokacinsa.

Atiku bai zauna Wurno ba, ya tare a Sakkwato. Mulkinsa kuwa mai zafi ne. Alhaji Sa'idu, wanda ya rubuta tarihin sarakunan farko kuma ya zauna a fadar Aliyu Babba, ya siffanta shi da mutum mai kwarjini da ake tsoro, wanda ya hana kiɗa da wasanni ya tsananta horo a kansu. Jama'ar da ta saba da sassaucin Bello ta ji jiki. Ya kamata dai mai karatu ya tuna cewa yawancin abin da aka rubuta game da Atiku ya fito ne daga alƙaluman mutanen da zuciyarsu ke wajen Bello. A zamanin Atikun ne ma Waziri Giɗaɗo ya zauna ya rubuta littafinsa Alkashfu wal Bayan a kan halayen Bello. Shehu ya sami masu rubuta karamominsa, Bello ya samu, Atiku bai sami irin wannan gata ba.

Ba ina wanke shi ba ne. Tsananin da ya hana mutane sakewa yakan kore su, kuma alamu sun nuna ba a yi ɗokin fita yaƙi a bayansa yadda aka yi wa Bello ba. Amma a fahimci abin da ya gani. Mutum ne da ya san Ɗegel tun jama'a ba ta da komai sai allo da buzu. Ya rayu har ya ga 'ya'yan masu hijira sun zama masu dawaki da bayi da manyan riguna, makaɗa sun koma ƙofofin fada. Baffansa Abdullahi ya koka da wannan tun jihadi bai ƙare ba, har ya bar runduna ya nufi gabas ya tsaya a Kano. Atiku ya yi ƙoƙarin gyara abin da doka, shekara talatin bayan ruwa ya riga ya canza hanya.

Akwai wani abu da ya yi wanda ya nuna ba tsanani kaɗai ke gare shi ba. A zamaninsa zancen bayyanar Mahadi ya yi ƙarfi, mutane suka fara ɗaure kaya suna nufar gabas, wajen kogin Nilu, bisa abin da aka ji daga Shehu cewa jama'arsa za ta yi ƙaura can a ƙarshen zamani. Da Atiku mai neman suna ne, ga dama ta samu, tun da shi ake ganin ya riƙe asiran Shehu. Sai ya aika da sanarwa cewa lokacin bai yi ba, domin har yanzu akwai sauran alheri a cikin jama'a, kowa ya zauna inda yake. Wannan magana ta hana garuruwa watsewa.

Ajalinsa daga arewa ya zo. Bayan Bello ya karya haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke a 1836, an zaci an huta. Ba a huta ba. Gobirawa suka sake tattaruwa a Tsibiri, dab da Maraɗi, ƙarƙashin sarkinsu Mayaƙi, suna kai hari kan iyaka. A 1842 Atiku, yana dattijo mai kusan shekara sittin, ya ja runduna da kansa ya nufi Tsibiri. Ya dawo da rauni, bai iso gida ba. Ya cika a Katuru, a ƙasar Shinkafi ta jihar Zamfara ta yanzu, a can aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa da rahama. Shehu na Hubbare a Sakkwato, Bello na Wurno, Abdullahi na Gwandu, duk ana kai musu ziyara daga nesa. Katuru kuwa ba kowa ya san hanyarta ba.

Sarauta ta koma gidan Bello ta hannun Aliyu Babba. Amma gidan Atiku bai kwanta ba. A 1859 ɗansa Ahmadu, mai ribaɗin Cimola, ya hau ya yi shekara bakwai. Shi ne ya ba ɗan'uwansa Umaru Nagwamatse sarautar Sarkin Sudan. Nagwamatse ya yi kudu ya kafa Kwantagora, ya rasu a 1876. Jarumi ne da ba a musun jarumtarsa, amma Gwarawa da Kambari da sauran ƙabilun yankin suna da nasu labarin hare-harensa da na ɗansa Ibrahim, labarin garuruwan da aka watse da mutanen da aka kama bayi. Wanda zai ba da tarihin gidan nan da gaskiya ba zai ɓoye wannan ba.

Haka kuma ba zai ɓoye zamanin Abdurrahman ɗan Atiku ba, wanda ya yi mulki daga 1891 zuwa 1902, aka yi masa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafin zuciyarsa. Shi ne ya dage a naɗa Tukur sarautar Kano a 1893, ba da son yawancin gidan Dabo mai sarautar garin ba, abin da ya haifar da Yaƙin Basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Kano ta zubar da jinin 'ya'yanta shekara biyu, ga Turawa na matsowa daga kudu. Tsananin da ya zo wa uban da zuhudu, ya zo wa ɗan da taurin kai, daula kuma ta biya kuɗinsa.

Sai kuma jikoki biyu, 'ya'yan Ahmadu ɗan Atiku, waɗanda ƙaddara ta tsayar a fili ɗaya. Muhammadu Attahiru ya hau a ƙarshen 1902. Kano ta faɗi a farkon Fabrairu na 1903. Ranar 15 ga Maris rundunar Turawa ta tsaya a wajen ganuwar Sakkwato ta kudu, a filin da ake kira Giginya. Attahiru na tsakiya, ɗan'uwansa Marafa Muhammadu Maiturare, mai Gwadabawa, yana riƙe da ɓangare guda. Bindiga mai ruwa ba ta bar masu takobi da mashi sun kai gare ta ba. Bayan an watse, 'yan'uwan nan biyu kowa ya kama hanyarsa.

Attahiru ya ce lokacin da kakansa ya ce bai yi ba, yanzu ya yi. Ya nufi gabas, talakawa da malamai da sarakuna suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, har abin ya tsorata Gwamna Lugga. Aka bi sawunsa har Burmi, a ƙasar Gombe, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, 1903, tare da ɗaruruwan mutanensa, shi ma kwamandan Turawan, Manjo Marsh, a nan ya mutu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a ya ci gaba har Sudan, suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar.

Maiturare kuwa ya dawo, kamar yadda Waziri Buhari da sauran waɗanda suka ga cewa barin talakawa ba shugaba ya fi zama haɗari suka yi. Ya koma Gwadabawa, ya ci gaba da cika ƙasar arewa da ƙauyuka da gonaki, har a 1915 aka naɗa shi Sarkin Musulmi bayan Attahiru na biyu. Na sha jin ana auna mutanen nan biyu, a ɗaga ɗaya a kayar da ɗaya. Ban yarda da wannan awo ba. Malaman lokacin da kansu sun yi saɓani a kan hijira ko zama, kowane ɓangare da hujjarsa daga littafi, kuma kowanne ya ɗauki nauyin rayukan da suka bi shi.

Maiturare ya rasu a 1924, ɗansa Muhammadu Tambari ya gaje shi, karo na farko da ɗa ya hau kai tsaye bayan ubansa tun bayan Bello. Bai daɗe ba. A 1931 ya bar gadon cikin rikici da Turawa da manyan gari, daga baya aka kai shi Wukari. Hassan ɗan Mu'azu ya karɓa, daga gidan Bello, sai Abubakar na uku daga 1938 zuwa 1988, sai Ibrahim Dasuƙi daga gidan Buhari ɗan Shehu, sai Muhammadu Macciɗo, sai Sa'ad Abubakar tun 2006. Mutum biyar daga tsatson Atiku suka yi sarautar Musulmi bayansa, 'ya'ya biyu, jikoki biyu, da tattaɓa-kunne ɗaya, kuma tun 1931 ba ta sake komawa gidan ba. A Kwantagora dai har gobe Sarkin Sudan jinin Nagwamatse ne, a garin Mai Wurno na Sudan kuma zuriyar Attahiru ce ke riƙe da sarautar jama'ar da kakanninsu suka taso daga nan a 1903.